Tukunyar da Shittu Ya Sayo

Sai da maza uku suka kama kafin tukunyar ta sauka daga bayan jaki. Shittu ya tsaya a ƙofar gidansa a Wurno yana ta ba da umarni, ko da yake ba wanda ya nemi shawararsa. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, irin ta kanti, wadda za ta ɗauki tuwon gayya. Ragonsa ya bayar a kasuwar Rabah ya karɓo ta, kuma daga can har gida babu wanda ya gaishe shi bai sha labarinta ba.

Shekara ta uku ke nan da Turawa suka shiga yaƙinsu, kananzir ya yi ɓatan dabo. Matarsa Atika kuwa ta iya kyandir na kakin zuma. Mahaifinta ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Sakkwato, can ya gani, ita ta gani a hannunsa. Goma take yi ko sha biyu, maƙwabta su kwashe. Ana nan sai malamin ɗakin shan magani na Rabah ya ga guda, ya aiko yana son ɗari biyu, don fitilunsa sun bushe. Ƙanenta Mode, mai amyoyin zuma a Taloka, ya kwaso kakinsa na shekara duka, wanda ya saba kai wa kanti, ya jibge mata curi tara. In wannan ya lalace, babu wani sai baɗi, kuma wahalar Mode ta tashi a banza.

Abin da ta ce wa mijinta bai wuce a samo mata abin narkawa babba ba. Ita ba ta zuwa kasuwa, shi kuma shekara goma sha biyu da aurensu bai taɓa leƙa madafi ya ga yadda take yi ba. Da ya ji "babba", sai ya nemo wadda ta fi kowace girma.

Aka mirgino ta tsakar gida, mazan suka fita. Atika ta zagaya ta, ta kankare cikinta da farce, ta sansana.

"Sannu da hanya, Malam."

"Kin taɓa ganin irinta?"

"Ban taɓa ba."

Wannan ya ishe shi. Ya haɗa itace a ƙarƙashinta da kansa, ya ɗebo garwashi, ya rungumo curi guda zai jefa. Ta ɗora hannu a kan kakin, ba da ƙarfi ba.

"Malam, bari in ba ta ɗan kaɗan ta ɗanɗana tukuna."

Ta gutsuro kamar ƙwayar goro ta jefa. Nan take ya narke, ya fara hayaƙi, ƙanshin zuma ya koma ƙauri. Ta lakato shi da tsinke ta shafa a sakaina, kusa da wani ɗigo na nata mai ruwan ƙwai. Nasa ya fito kamar dauɗar kunne. Shittu ya duba, ya sake dubawa. Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya, ragonsa kuma ya faɗo masa a rai.

"Wuta ta yi yawa," in ji shi.

"Ko an rage ta, baƙin ƙarhe ɓata shi shika yi. In kuma ya ji zahi ƙwarai shi kama da wuta, ka zuba mai ruwa shi tashi har jinka."

"To mi ya hana ki hwaɗa mani tun hwarko?"

"Ba ka tambaya ba, ni ko ban hwaɗi ba. Laihin namu na mu biyu." Ta turo masa kujerarta 'yar tsugunno. "Zamna ka gani, sau guda ɗai."

Ya waiga ya tabbata ba kowa a zaure, sannan ya zauna, gwiwoyinsa har haɓa. Ta ɗora ƙaramar tukunyar ƙasa cike da ruwa, ta sa kwanon sha a ciki yana lilo, ta jefa kaki a kwanon. Ruwa ya tafasa, kakin ya saki jiki a hankali, ya zama garau kamar man shanu. Babu hayaƙi ko kaɗan.

"Kaki ba shi son ganin wuta," ta ce. "Ruwa ka ɗauko zahin su kai mai. Tukunyarka ta yi, Malam, ruwa za ta riƙe, kuma ba ni da wadda ta kai ta. Abin da ya rage, wani abu mai zurhi, marar kauri, wanda ba shi da tsatsa, shi zamna cikinta."

Shittu ya ƙura wa kwanon ido.

"Garwar kananzir," ya ce.

"Ai kuwa."

Yadda ta amsa da sauri ya nuna masa tun tana zagaya tukunyar ta riga shi can, ta dai bar masa ne ya faɗa. Ta gaya masa ya ɗaga kowace ya duba ta a rana, ya shafa kusurwoyinta da yatsa, kada ya karɓi wadda aka taɓa zuba wa manja.

Da azahar yana rumfar Halliru mai gwangwanaye a kasuwar Wurno. Ya ɗaga ta farko, rana ta leƙo ta ƙasanta, ya ajiye. Ta biyu tsatsa, ta uku an like ta da ƙaro. Da ya ajiye ta bakwai Halliru ya gaji.

"Malam Shittu, garwa kaka saye ko doki?"

"Ɗauko waccan ta sama."

Biyu ya zaɓa. Atika ta cuɗe su da toka, ta ɗauraye da ruwan tsamiya, ta sake, har sai da hancinta ya yarda. Ta shimfiɗa gutsattsarin fasasshen tulu a gindin tukunyar don kada garwa ta taɓa ƙarfe. Tulu shida tukunyar ta sha, kuma Shittu ne ya ɗebo su, tun da ba ya son wani ya shigo ya ga abin da ake ciki.

Bai koma zaure ba. Ya tsaya yana kallon yadda ta narka curi biyu a garwa ɗaya, ta tace da farin ƙyalle cikin ɗayar, ta jera lagwanin abawa ashirin a sanda. Ta tsoma, ta ɗaga, ta tsoma a ruwan randa, ta koma. Hannunta ba ya rawa, ba ya gaggawa. Zaren da ya shiga siriri ya yi ta ƙiba a gabansa, duka ashirin kai ɗaya. Abin ya ba shi mamaki, ya kuma ba shi daɗi irin wanda bai san inda zai ajiye shi ba.

Bayan la'asar sai ga Mode, gumi sharkaf. A hanya ya ji labarin tukunyar, kuma mai zuma ya san abin da baƙin ƙarfe ke yi wa kaki. Ko gaisuwa bai tsaya ya gama ba ya shige wurin yayarsa. Maƙwabtan da suka kama sauke kaya da safe sun dawo zaure jin yadda aka ƙare.

Mode ya fito riƙe da kyandir guda, ya kunna shi a gabansu. Harshen wutar ya miƙe tsaf, ba hayaƙi, zauren ya ɗauki ƙanshin zuma. Ya daɗe yana kallo kafin ya sauke numfashi.

"Na taho in yi ma tsiya, ka hana ni," ya ce. "Garwa cikin tukunya. Wa ya ba ka wagga dabara?"

"Ai Malam Shittu ya san abin da ya sayo," in ji wani maƙwabci. "Ba banza ya ba da rago ba."

Daga cikin gida motsin sanda da ruwa ya ci gaba yadda yake. Shittu ya san tana ji, ya kuma san ko ya ce dabararsa ce ba za ta taɓa tanka masa ba, yau ko gobe. Ya karɓi kyandir ɗin daga hannun Mode, ya juya shi.

"Ni da an bar ni, da yanzu kakinka ya zama gawayi," ya ce. "Har na ɗauka zan jehwa, yayarka ta riƙe. Aikin duka nata na."

Ya miƙa wa Mode kyandir ɗin, ya ɗauki tulu ya nufi rijiya, don ruwan tukunyar ya fara ja baya, ga curi bakwai suna jira.