Tafiyar da Tela Ya Auna

Tela ya ɗora uwarsa a jirgin sama bayan likita ya hana, kuma yana sane.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Jinin ƙafar tsohuwar yana daskarewa. In ta daɗe a zaune ba motsi, ƙafar za ta tafi, ko ita ɗungurungum. Tela ya ce to, ya haɗiye maganar. Yayarsa da ke aure can ƙarshen duniya ta daɗe tana roƙon a turo mata Inna, ɗakin Inna kuwa shi ne mai ƙofa a bakin titi. In ya zama shago, zai ci keken ɗinki uku har da teburin yanka.

"Auta, wai da nisa ne?" Inna ta tambaye shi tana murza gwiwa.

Ya zare tef daga wuyansa, ya ɗora a kan taswirar da ke jikin kalanda, daga wannan filin jirgi zuwa wancan.

"Duba da idonki, Inna. Ko hannun rigar jariri bai kai ba."

Matarsa ta ƙyalƙyale da dariya. "Kafin ki gama ɓare lemo kin sauka, Inna."

A filin jirgi ya ƙara mata da gargaɗi, don ya san halinta na tambaya da surutu. "Kada ki tashi, kada ki dami mutane. Ruwa ma ki bar shi, bayinsu ba irin namu ba ne. Kada ki ba mu kunya."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya dawo gida ya fitar da gadonta. Ya kankare bango, ya yi fenti, ya ci abinci, ya yi barcinsa. Gari ya waye, ya jera kekuna, ya kafa allon shago. Duk wannan jirgin bai sauka ba. Ya kalli kalandar sau ɗaya, ya juya ta ta fuskanci bango.

Sai da rana ta yi tsaka Yaya ta kira.

"Kai, me ka gaya mata? A kujera aka ɗauko ta! Ma'aikatan jirgi sun yi ta roƙonta ta miƙe ta taka, ta ce ɗanta ya hana."

"Tsufa ne, Yaya," ya ce, yana zura zare a allura.

Daga can baya ya ji muryar Inna, a shaƙe. "Kada ki yi masa faɗa. A gabana ya auna."

A makon nan aka yanke ƙafar daga gwiwa. Likitocin can suka ce ita da jirgi har abada. Tana kwance yanzu a wani bene, a garin da ba ta jin yaren kowa, kullum tana tambaya ko Auta yana share mata ɗakinta kafin ta dawo.