Gawo Ba Shinkafa Ba Ne

Tun ranar dashe Khaulat ta gargaɗi mahaifinta cewa in wani abu zai kashe itatuwan nan, to tausayinsa ne.

Malam Dalhatu ya yi dariya kawai. Shekara talatin yana noman shinkafa a bakin kanal a Bunkure, a saninsa shuka ba ta ƙin ruwa. Gonarsa ta tudu ce ke damunsa: iska ta kwashe ƙasar sama, rairayi ya fara cin gefen arewa, gero ko gwiwa ba ya kaiwa. Khaulat, da ta karanci aikin gona, ta kawo dashen gawo da darbejiya sittin, ta jera su layi uku. Famfon sola na jawo ruwa daga kanal zuwa tanki, siririn tiyo na ɗiga wa kowanne a gindi.

"Bayan kwana huɗu-huɗu za a riƙa sakar musu ruwa, Baba. Ku bari su ji ƙishi, saiwa ta nutsa neman laima."

"To, Malama."

Amma idon da ya saba da fadama ba ya jure ganin busasshiyar ƙasa. Kullum ya wuce layin bakin hanya sai ya malala masa ruwa. Layin ya yi kore shar, har Malam Dalhatu yana nuna shi ga masu wucewa.

Sai aka rufe kanal wata guda don gyara. Kwana tara, layin nan ya langaɓe, sauran biyun suna tsaye abinsu. Khaulat ta tone gindin ɗaya da yatsa, ga saiwa kwance a sama kamar gashi.

"Baba! Shinkafa kuka mayar min da su?"

Ya cire hula, ya sosa kai. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Faɗa min."

Suka huda robobin ruwa ashirin, suka binne kowacce zurfin kamu biyu a gindin itace, don ruwan ya sauka ƙasa, saiwa ta bi shi. Kowace safiya Malam Dalhatu yana ɗauro jarkoki a babur daga rijiyar gida.

"Roba ɗaya fa, Baba. Ina ganinku."

"Ko kuka suka yi min, ba ƙari."

Jiya itatuwa biyu sun ɗaga ganye, uku sun bushe ƙurmus. Saura kwana goma sha ɗaya a buɗe kanal. Ko nawa ne za su kai ranar, shi da Khaulat ba wanda ya sani.