Shafi Tamanin da Suka Rage

Dogo yana tsaka da karatu, yatsansa na bin layi, sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce likita na son ganinsa. Ya kife littafin a gefen gado. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta kwashe tana koyarwa, ta ce ya yi sauri ya dawo, an katse ta a wuri mai daɗi.

Wata biyu ke nan ciwon ƙoda ya kwantar da ita, idonta kuma ya daina ganin ƙananan rubutu. Kwanakin baya 'yarsu ta nuna mata tallan wani fim a waya: wata mata ta sauka daga jirgin ƙasa tana neman ƙanwarta da yaƙi ya raba su, ta ƙwanƙwasa wata ƙofa, ƙofar ta fara buɗewa, sai aka yanke. Malama ta kanga wayar dab da fuskarta, ta sa aka maimaita har sau uku. Da ta ji daga littafi aka ɗauko labarin, ta ce a nemo mata shi. Ita ba ta kallon fim sai ta karanta littafinsa, don ba ta yarda wani ya zaɓa mata fuskokin mutane ba. Saura mako uku a fara nuna fim ɗin.

Dogo direba ne, karatunsa bai wuce na allunan hanya da takardun mota ba. Duk da haka, kullum ya ajiye motar ofis sai ya zo ya yi mata shafi goma, yana tuntuɓe tana gyara shi ido a rufe. Takan tsokane shi cewa ɗan aji uku ma ya fi shi, shi kuma ya ce a ba ɗan aji ukun babbar mota ya yi baya da ita a gani.

Likita bai yi dogon zance ba. Ya ce wankin ƙodar ya daina yi mata amfani, zuciyarta ma ta gaji. Magana ce ta kwanaki kaɗan, a sanar da wanda za a sanar. Dogo ya yi masa godiya. A baranda ya tsaya ya dafa bango. Abin da ya fara faɗo masa a rai, har ya ji kunyar kansa, shi ne saura shafi tamanin.

Da ya koma ya ce mata maganar sauya magani ce kawai. Ya ɗauki littafin, ya karanta shafi guda, sannan ya haɗa shafuka masu yawa ya juya a hankali don kada takarda ta yi ƙara. Matar cikin labarin da ya bari a wani ƙauye tana jiran mota, sai ga ta a cikin jirgi.

Malama ta ƙyale shi har ya yi layi biyar.

"Baban yara, yaushe ta shiga jirgi?"

Ya ce wataƙila barci ne ya ɗan ɗauke ta. Ta ce idonta ne ya gaza, kunnenta lafiya lau, ta tambaye shi shafi nawa ya tsallake. Ya ce sittin.

Ta juyo da fuskarta wajensa. Ana jin ƙarar keken magani yana wucewa a waje.

"Ashe abin da likita ya ce ke nan."

Dogo ya kifa kansa a kan littafin, kafaɗunsa na rawa. Ta laluba har ta samu hannunsa ta riƙe. Ba ta tambaye shi kwana nawa ya rage ba. Ta ce dai ya kira mata yayanta yau, 'yarsu kuma ya bar mata, ita za ta gaya mata da bakinta.

"So nake ki ji ko ta samu ƙanwarta," ya ce.

"Inda muka kai, nan muka kai. Sauran kai za ka ƙarasa. Koma ƙauyen nan, mun bar baiwar Allah a tsaye."

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya juya shafukan baya ɗaya bayan ɗaya har ya samu wurin. Ya fara karantawa da gudu, kalmomi na hawan juna.

Ta ɗan matse masa hannu.

"A hankali," ta ce. "Ba sauri muke yi ba."