Keken Sai-Gobe

Telan da ke lungun bayan tashar mota ba ya bin layi a aikinsa, murya yake bi. Wanda ya zo ya ɗaga harshe, ya dasa kansa a benci ya rantse ba zai tashi ba, shi ake zaro wa yadi a hau keke. Mai kunya kuwa, wanda zai leƙo ya ce "Allah ya taimaka" ya wuce, kayansa na can ƙasan tuli suna shan ƙura, kullum amsar ɗaya ce: sai gobe. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, kowa Sai-Gobe yake ce masa, har matarsa in tana son tsokanarsa.

Ba mugu ba ne, bawan Allah, hayaniya ce ba ya iya ɗauka. Hannu kuma Allah ya ba shi, in ya ɗinka maka riga sai ka manta zagin da ka tanadar masa.

Bara ya karɓo babban keken ɗinki na lantarki a wani kamfani, a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Tsohon kekensa na ƙafa ya sayar ya ba da kuɗin farko. Sai ƙaramar 'yarsa ta kwanta a asibiti, kasuwa ma ta ja baya. Ya ci bashin zare da shafi a wurin Mai Yadi na bakin titi, ya kuma taɓa rancen nan da ake bayarwa ta waya. Yarinya ta warke, bashi ya zauna.

To, yadda yake yi da ɗinki haka ya yi da bashin. Mai Yadi yana da maƙogwaro, saboda haka shi ke fara karɓa. Masu rancen waya suna kira safe da rana, su ma ana yaga musu wani abu. Kamfanin keke kuwa ɗan saƙo yake turowa, da gaisuwa a sama da godiya a ƙasa. Sai-Gobe yakan karanta ya ce, "Waɗannan mutanen kirki ne," ya mayar da wayar aljihu.

Ranar da abin ya zo wuya, wata malama na zaune a bencin shagon da jakarta a cinya. Ta daɗe da kawo yadi, ta yi zuwa har ta gaji da ƙirgawa, ba ta taɓa cewa komai ba sai "To, Allah ya kai mu." Tana nan Mai Yadi ya faɗo ko sallama babu.

"Yau ba gobe! Ka ji ni? Ni ba mai kawo ɗinki ba ne da za ka ce min sai gobe!"

Masu wucewa suka fara rage tafiya. Sai-Gobe ya zura hannu ƙarƙashin almakashi, inda ya ɓoye abin da ya tara don keke, ya miƙa duka. Mai Yadi ya ƙirga, ya yi tsaki, ya fita yana ci gaba da faɗa shi kaɗai.

Kamar jira ake, wayar ta yi ƙara. Kamfanin keke ne, da ladabinsu na kullum: tun da an yi watanni ba a biya ba, in wata ya ƙare za su turo a ɗauki keken. Sun gode.

Ya zauna ya ƙura wa keken ido. Shi ne abincin gidansa, shi ne kuɗin makaranta, kuma ba shi da wani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya manta akwai mutum a shagon.

"Malam tela," in ji malamar a hankali, "ba shiga sharo ba shanu nake son yi ba, amma na ga abin da ya faru. Aikina ke nan. Muna da ofis a saman kantin magani, muna zama da masu fama da bashi mu duba musu mafita."

"Ranki ya daɗe, ai wanda zai iya biyan ku bai shiga irin halina ba."

"Ba a biya."

"Ko kuɗin cike fam?"

"Ko na ruwan sha. Ƙungiya ce ke ɗaukar nauyi. Ka zo da duk takardunka." Ta miƙe, ta ɗan yi murmushi. "Amma fa yau, ba gobe ba."

Ya yi ta juya maganar. A saninsa duk abin da aka ce kyauta ne, akwai ƙugiya a ciki. Ga kunya kuma: mace ce da ya riƙe wa kaya, yanzu ita zai buɗe wa cikinsa? Ya sake duban keken, ya tattara takardu a ledar zare, ya ja ƙofa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da kujerun roba da fanka mai kuka. Ya tarar da mutane a zaune: wani da rigar masu gadi, wata da goyo, wani dattijo mai takalmi mai tsada da ke ta kallon silin. Babu wanda ya dubi wani. Wannan kaɗai ya ɗan sassauta masa ƙirji, ashe ba shi kaɗai ba ne.

Da layi ya zo kansa, malamar ba ta tambaye shi yadda aka yi ya ci bashi ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Ta baje takardun a tebur gida uku.

"Mai Yadi. In ba ka biya shi wannan watan ba, me zai faru?"

"Zai yi ihu."

"Sai me?"

Ya yi tunani. "Sai ya ƙara ihu."

"Masu waya fa?"

"Za su yi ta kira. Ruwa kuma yana hawa."

"Wannan za mu rubuta musu mu roƙi su tsayar da ruwan, ka riƙa ba su abin da za ka iya. Kamfanin keke fa?"

Ya ce, "Za su ɗauke keken."

"In suka ɗauke, da me za ka biya sauran biyun?"

Sai-Gobe ya dafe kai. Magana ce da yaro ma zai gane, amma shi duk watannin nan murya yake bi.

"Duka za ka biya, ba cewa na yi ka ci haƙƙin kowa ba," ta ce. "Amma wanda zai iya raba ka da sana'arka shi ne a gaba, ko da bai taɓa ɗaga murya ba."

Suka zauna suka fitar da abin da ke shigowa da abin da gida ke ci, har sabulu. Sannan ta kira kamfanin a gabansa, ta buɗe muryar wayar. Yana jiran a ci masa mutunci. Sai ga wani saurayi yana cewa ai da ya kira tun farko da ba a kai nan ba, su ma ɗaukar keke wahala ce gare su. Aka raba abin da ya taru a kan watanni masu zuwa, aka janye maganar ɗauka, muddin ya cika alkawari.

Da aka kashe wayar sai idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga lalube aljihu don kunya, ko zai sami abin godiya.

"Mayar," in ji ta. "Iyalinka sun sani?"

"A'a."

"Ka gaya mata. Kaya ne, ya fi sauƙi a hannu biyu."

A hanya ya tsaya wurin Mai Yadi, ya faɗa masa abin da zai iya kawowa duk mako. Mai Yadi ya yi ihun da aka san zai yi, sannan ya ce, "To, kar ka saɓa." Shi ke nan fa. Sai-Gobe ya fito yana mamakin abin da ya hana shi barci wata da watanni.

A gida ya sami matarsa tana ninke wanki. Ya zayyana mata komai yana kallon tabarma.

"Baban yara, ai na sani," ta ce. "Mutumin da waya ke ƙara ya zabura kamar an taka shi? Jira nake ka faɗa da bakinka. Keken yana nan dai?"

"Yana nan."

"To alhamdu lillahi. Tashi ka ci abinci."

Washegari da sassafe ya buɗe shago, ya rungumi tulin ɗinkin nan ya kife shi, na ƙasa ya dawo sama. Niyyarsa ya fara da na malamar, ga shi kuwa ya gan shi. Amma akwai wani a kansa, shuɗi mai ƙananan furanni, ninkinsa har ya yi layin ƙura. Ya juya shi yana neman suna a gefe, babu. Sai ya tuna. Matarsa ce ta saya da kuɗinta tun kafin a haifi ƙaramar, ta ba shi ta ce, "In ka samu sarari." Ba ta sake tambaya ba ko sau ɗaya.

Ya daɗe a tsaye da yadin a hannu. Wani mai kaya ya leƙo yana ɗaga murya tun daga ƙofa, wai yau sai an ba shi wandonsa.

"Yi haƙuri, yallaɓai, zauna," in ji Sai-Gobe. "Akwai wadda ta riga ka."

Ya kakkaɓe shuɗin yadin, ya shimfiɗa a tebur, ya kunna keken.