Tafiyar Goggo Iyatu

A gidan Alhaji Sulaimanu da ke Garwa, in ka ji dariya ta ɓarke a tsakar gida, to Goggo Iyatu ce ke ba da labari. Ƙanwar Alhaji ce, sana'arta bandar kifi, tana sarowa daga Lagdo. Ita fa ba ta iya cewa ruwa ya zuba ta tsaya nan, sai ta ce ya zuba shaa. Wuta a bakinta sai ta ci ɓal-ɓal, yaro in ya faɗa kogin Binuwai sai tsundum. Yaran gidan sun tashi da Fulatanci a titi, Faransanci a makaranta, Hausarsu ba ta wuce ta ciniki da gaisuwa ba. Fa'iza, 'yar Alhaji ta biyu, ita kaɗai ce maganar Goggo ta shiga ranta, har ta mai da ita aikin hannu.

Aikin nata kuwa na masu haƙuri ne. Takan je wurin Mahfuzu, telan gidansu, ta kwaso guntayen ƙyalle daga buhun da yake tarawa a ƙarƙashin keke. Ta yanka su siffa-siffa, ta shimfiɗa a kan kwali, ta ɗaure wayarta a ƙafar kujerar da ta kife. Ta matsar da ƙyalle kaɗan ta ɗauki hoto, ta ƙara matsarwa ta ƙara ɗauka, har bayanta ya ƙage. In aka jera hotunan sai ka ga ƙyalle yana motsi. Kowace kalma da irin kayanta: shaa ta samu shuɗin yadi mai santsi, ɓal-ɓal ta samu jan leshi yage-yage. Muryar da ke faɗin kalmomin kuwa ta Goggo ce, Fa'iza ta naɗe ta a waya suna gyaran kifi.

Micheline, wadda ke kula da zauren matasa na unguwa, ta ga wani yanki ta riƙe baki. Ta ce ranar Asabar da la'asar a ƙarshen wata za a haska wa jama'a, amma a ƙara wani abu mai mutane a ciki. Sai Fa'iza ta ce za ta yi tafiye-tafiyen kasuwa.

"Goggo, yaya ƙaton mutum yake tafiya?"

"Buguzum-buguzum mana."

"Ɓarawo fa?"

"Sumumu."

"To kazar nan tamu da ta karye?"

Goggo ta kwashe da dariya ta ce, "Ɗingis-ɗingis, baiwar Allah!"

A nan ya kamata a faɗi abin da kowa a gidan ya sani kuma ba mai faɗi. Bara waccan babur ya kayar da Goggo a hanyar Lagdo, ƙugunta ya goce. Aka yi ɗori, ta tashi, amma ƙafar hagu ta gajarce. Goggo mace ce da a zamaninta ake tsayawa kallon takunta, kuma ta san da haka. Ranar da ta fara fita ta tambayi Alhaji ko ana ganewa, ya ce ko kaɗan. Matan gida suka ce wallahi garau. Abokan cinikinta ma suka yi mata kara. Ita tana jin ciwon a jikinta, amma ta yarda ido ba ya kama shi, don haka ta ci gaba da ratsa kasuwa kai a sama.

Buguzum-buguzum bai ba Fa'iza wahala ba, sumumu ma haka. Ɗingis-ɗingis ne ya ƙi. Ta yi kaza, ta fito kamar mai rawa. Ta yi tsoho da sanda, ya fito kamar mai tsalle. Wata safiya ta raka Goggo kasuwa tana biye da ita riƙe da kwando, kamar yadda yaro ke bin babba, sai idonta ya faɗa kan abin da take nema. Kafaɗa tana nutsawa hagu, ƙugu ya biyo baya a makare, hannu ya kai ga gyale ya gyara shi kamar don shi aka karkata. Fa'iza ta ji kunya ta kawar da kai, sannan ta sake dubawa. Kwana da kwanaki tana neman dalilin rakiya, Goggo har tana sa mata albarka.

Ta ce wa ranta ai ƙyalle ne, ba fuska ba suna. Don ta ƙara ɓad da sawu, ta tona buhun Mahfuzu ta zaɓi atamfar da ba ta taɓa gani a jikin kowa ba, ruwan goro mai zanen makullai. Bai zo mata a rai ba cewa buhun tela ba tsofaffin kaya kaɗai yake ɗauke da su ba, har da waɗanda ba a riga an sa ba. Siffar ta fito tsaf, ta fi duk sauran rai. Fa'iza ta kalle ta ta ji daɗi, kuma wannan daɗin ne ya fi damunta daga baya.

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa zauren. Aka saki labule, aka jera benci, 'yan unguwa suka cika wurin, har da matan layin kifi da Goggo ta gayyato da bakinta. Fa'iza na durƙushe tana haɗa waya da na'ura ta ji ana gaisuwa da Fulatanci, "Jam na, Hajiya? Wannan ado haka!" Ta ɗaga kai. Goggo ce ke shigowa cikin sabon ɗinki, riga da zane da ɗankwali, ruwan goro mai zanen makullai.

"Na ɓoye miki ne," in ji Goggo tana juyawa. "Don ranarki na ɗinka. Ya yi?"

"Ya yi, Goggo."

Fa'iza ta koma kan na'ura. Tana iya ce wa Micheline na'ura ta lalace, tana iya tsallake yankin. Ta tsaya tana lissafin yadda za ta yi bayani, Micheline ta ce, "On commence," wato a fara, ta kashe fitila.

Shaa ya zubo, aka yi tafi. Ɓal-ɓal ya kama, yara suka yi ihu. Duk sanda muryar Goggo ta fito sai matan kifi su taɓa ta, ita kuma tana ta washe baki. Buguzum-buguzum ya wuce ana riƙe ciki. Sai 'yar siffa mai makullai ta shigo daga gefe, kafaɗa ta nutsa, ƙugu ya biyo, hannu ya gyara gyale. Muryar Goggo ta cika zauren, da dariyarta a ciki: "Ɗingis-ɗingis, baiwar Allah!"

Dariya ta tashi gaba ɗaya kafin kowa ya yi tunani. Wata daga bencin baya ta ce da ƙarfi, "Kai, Iyatu sak!" Sannan dariyar ta fara mutuwa benci-benci, manya suna zungurin yara. Siffar kuwa ba ta san an yi shiru ba, ta ci gaba da tafiyarta har ta ƙure kwalin. Fa'iza ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa jin ta tsani hannuwanta ba sai ranar.

Aka kunna fitila. Micheline, wadda ba ta gane komai ba, ta rungume ta tana yabo. Mutane suka yi ta fita suna gaida Goggo sama-sama ba sa haɗa ido da ita. Goggo ba ta motsa ba. Matan kifi suka ce ta taso su tafi, ta ce su yi gaba, tana hutawa.

Da zauren ya rage su biyu, Fa'iza ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Goggo, ki yafe mini. Zan goge shi yanzu."

Goggo ba ta dube ta ba, makullan zanenta take shafawa da yatsa.

"Haka nake tafiya?"

Ƙaryar gidan ta zo wa Fa'iza har baki, ta kasa fitar da ita. Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da kika tashi, Goggo."

"Kuma duk kun gani. Har Yaya." Ta dubi ƙofa. "Leƙa ki ga ko akwai mutane a ƙofa."

Fa'iza ta leƙa ta dawo ta ce sun watse. Goggo ta dafa benci ta miƙe a hankali. Fa'iza ta ɗauki jakarta ta koma bayanta, inda ta saba tsayawa. Goggo ba ta taka ba.

"Wuce gaba," ta ce. "Kada ki waiwayo."