Kwalba Biyu, Lamba Ɗaya

Ilisha, mai gwajin jini a Makarfi, ya ajiye ƙananan kwalabe biyu a gaban Zakiyyu. Ɗaya daga Kudan aka kawo ta, ɗaya daga Ikara.

"Injiniya, karanta mini. Wataƙila idona ne ya tsufa."

Zakiyyu ya bi lambobin da ɗan yatsa, harafi bayan harafi. Iri ɗaya ne sak. Shi ke kula da na'urorin wata ƙungiya da ke yi wa masu shirin aure gwajin sikila a garuruwan uku. Kowane reshe na da ƙaramar komfuta da ke ƙirƙiro wa kowane mutum doguwar lamba, a manna ta a kwalbar jininsa, ɗan acaɓa ya kai Makarfi. Ba a rubuta suna a kwalba, don sirri. Waɗanda suka kawo na'urorin sun ce har duniya ta naɗe lamba biyu ba za su zo ɗaya ba.

Kafin azahar ya gano dalili. Komfuta ba ta iya zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi da kanta. Manhajar da ke tafiyar da ita sai ta tattara ƙananan abubuwan da ba a iya hasashe, kamar lokacin agogo da yadda ake latsa maɓalli, ta cakuɗa, sannan ta fitar da lamba. Waɗannan na'urori kuwa tagwaye ne, ba a cika taɓa su ba, batirin agogonsu kuma ya mutu tuni. Duk sanda hadari ya daɗe, batirin sola ya ƙare, suka mutu, sai su farka suna zaton rana ɗaya ce, sa'a ɗaya. Kowacce tana tsallake lambar da ta taɓa bayarwa, amma ba ta san ta 'yar'uwarta ba.

"To in biyu suka haɗu a nan fa?" in ji Ilisha.

"Sakamakon baya ya hau kan na farko. Mutum biyu su karɓi amsa ɗaya."

"A kan wa abin yake faɗawa?"

"Wanda ya fara shiga bayan an kunna."

Da ya faɗi haka sai ya tuna. A daminar bara shi da kansa ya je Ikara ya tayar da na'urar bayan ta kwana a mace. Murja, wadda zai aura, tana zaune a layi tare da gwaggonta daga Saulawa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ai amaryar Injiniya ba ta bin layi, matan da ke wurin suka yi dariya, suka matsa mata. Zakiyyu AS ne, ya daɗe da sani; in ya auri AS, ɗansu na iya zuwa da sikila. Takardar Murja ta fito AA, liman ya duba, aka ɗaura aure. Yanzu cikinta wata bakwai.

Ya nemo lambarta a babbar komfutar Makarfi, inda ake ajiye sunaye. Suna biyu ne a ƙarƙashi: Murja daga Ikara, da wata Bernice daga Kudan. Injin gwajin yana riƙe da duk abin da ya taɓa aunawa, ba suna, lamba kawai. Sau biyu ya auna wannan lamba a mako guda. Na farko AS, na biyu AA.

"Rabi da rabi ne," in ji Ilisha. "Kada ka binne kanka da rai."

Zakiyyu ya kira wayar Bernice. Ta ɗauka cikin hayaniyar injin markaɗe. Bayan gaisuwa ya ce daga wurin gwajin jini ne, suna bibiyar tsofaffin sakamako.

"Ku kuma? Ni jinina ya kusa ƙarewa a hannunku," ta ce tana dariya. "Fasto bai yarda da takarda ɗaya ba, sai da ya tura ni Zariya. Uwar mijina ma ta ja ni Kaduna."

"Me suka ce, Malama?"

"AA mana, duk inda na je. Akwai matsala ne?"

"Babu. A wajenki babu."

Ya kashe wayar. AS ɗin na Murja ne ke nan. Ilisha ya buɗe durowa, ya ɗauko sabuwar allura da kwalba, ya rubuta sunan Murja a jikinta da biro, ya miƙa masa.

Zakiyyu ya buga wa rassan uku waya, ya ce kada a ɗauki jinin kowa sai ya zo. Sannan ya hau babur ya kama hanyar Ikara. Hadari na haɗuwa ta gabas, a kan gonakin rake.

Ya tarar da Murja a tsakar gida tana tsince tumatir, ƙafafunta a miƙe.

"Yau da wuri haka, Injiniya? Ko an kore ka?"

Ya zauna a bakin tabarma. Ta kama hannunsa ta ɗora a cikinta.

"Ji ɗanka, tun safe yake ƙwallo."

Ya ji motsin. Idonta ya sauka kan aljihun rigarsa, inda murfin kwalbar ya leƙo. Ta zaro ta, ta juya, ta karanta sunanta.

"Ba mun yi wannan ba?" ta ce.