Mai Buɗe Mata Ƙofa

Mako na bakwai ke nan Malama tana zuwa, amma jiya i yau. Likita ta duba takardar da ta ba ta don ta riƙa rubuta sau nawa take wanke hannu a wuni. Takardar fes, ko ɗigon biro babu.

"Ban samu sukuni ba," in ji Malama. Hannuwanta na kan cinya, duk sun tsattsage saboda sabulu.

Likita ba ta allura, ba ta rubuta magani. Masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Shekara tara ta yi a babban asibiti, har ta gaji da sallamar mutum arba'in a wuni, ta kama ɗaki biyu a saman wani shagon fenti don ta samu zama da mutum awa guda cur. Hanyarta ɗaya ce: abin da kake tsoro ka taɓa shi kaɗan-kaɗan, ka daure har tsoron ya gaji ya sauka da kansa. Malama kuwa datti take tsoro, har ta ajiye koyarwa don ba ta iya karɓar littafin ɗalibi. A ofis tana kama mariƙin ƙofa, ta yi minti goma ba ta wanke hannu ba, tana yi tana hawaye. Da ta koma gida sai aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Ran nan bayan sun yi sallama, Likita ta tashi buɗe taga, sai ta hango su a ƙasa. Mijin Malama, wani bakanike mai faɗin kafaɗa, ya goge murfin mota da tsumma, ya ɗauko jarka ya zuba mata ruwa a hannu. Ta wanke, ya sake zubawa, har sau uku. Likita ta dafe kai.

Mako na gaba ta ce ya shigo.

"Maigida, wa ke buɗe ƙofofi a gida?"

"Ni mana."

"In yara sun dawo daga makaranta fa?"

"Sai na yi musu wanka kafin su je wurinta. Ni ma sau biyu nake yi." Ya faɗa da alfahari, yana jiran a yaba masa.

"To ai kai ne kake ciyar da ciwon nan."

Tun kafin ta rufe baki ta san ta yi ɓaranɓarama. Fuskarsa ta canja.

"Likita, ke awa ɗaya kike ganin kukanta, ki sallame ta. Ni da shi nake karyawa, da shi nake wuni. In tsaya ina kallonta tana rawar jiki, wai magani ne?" Ya juya ga matarsa. "Tashi mu tafi."

Mako biyu ba su zo ba. Likita ta kira, waya ta yi ta ƙara har ta katse. A gida ta huce a kan tukwane, har ƙanwarta ta ce, "Yaya, ke da kike koya wa mutane haƙuri, naki a ofis kike barinsa?" Likita ba ta yi dariya ba. Mako bakwai tana aiki da mutum ɗaya, ba ta taɓa tambayar wa ke riƙe da jarka ba.

A mako na uku sai ga bakaniken shi kaɗai, da kayan aiki a jikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Jiya na ƙi zuba mata ruwa karo na uku," ya ce. "Ta yi awa guda ba ta kalle ni ba. Na shiga, na fita, na kwance fankar da lafiyarta ƙalau. Me mutum yake yi a wannan awar?"

"Ita tana ina?"

"Tana mota. Ta ce ba za ta hau ba, wai kin ci mutuncin mijinta."

"Ta yi gaskiya," in ji Likita. "Bismillah, zauna. Bari mu fara da kai."